Amsa ga mai damuwa da makin jarrabawar GRE

Ɗan'uwa, ka ce ka kammala digirinka na farko a Jami'ar Bayero da sakamako mai kyau, kana neman gurbin digiri na biyu a Amurka, amma makin da ka samu a GRE, wato jarrabawar da wasu jami'o'i ke nema wajen masu son shiga digiri na biyu, ya hana ka barci. Ka kwantar da hankalinka, domin kwamitin ɗaukar ɗalibai yana duba wannan maki ne tare da sakamakon digirinka, da wasiƙun shaida daga malamanka, da bayanin da ka rubuta kan abin da kake son bincike a kai. A ganina wannan bayani shi ne ya fi cancantar lokacinka, musamman idan ka nuna cewa ka karanta ayyukan malaman sashen da kake nema.

Kafin komai, ka duba shafin kowane sashe, domin tun daga 2020 sassa da dama sun daina neman GRE, wasu kuma sun mayar da ita ta ganin dama.

Idan sashenka yana buƙatarta, ka sani cewa ɓangaren lissafi da na fahimtar harshe kowanne ana auna shi ne daga 130 zuwa 170, kuma sassan injiniyanci sun fi kallon na lissafi. Kana iya sake zama bayan kwana 21, makin kuma yana aiki shekara biyar. Sai dai kuɗin rajista da dala ake biya, don haka kada ka sake zama sai ka gwada kanka da jarrabawar gwaji ta ETS, hukumar da ke shirya GRE, ka ga makinka ya ɗaga.