Soson da kuka manna a bango ba ya tare ƙara, wuta yake jira

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina kula da wata istiraha, wato wurin taron biki na haya, a kudancin Jidda, yawancin masu kama ta 'yan uwanmu ne Hausawa, biki da suna da walima. Duk daren da aka kawo makaɗi, ko kalangu ko fiyano, dattijon da ke bayan katangarmu ba ya barci. Sau biyu yana kai mu baladiyya, wato hukumar gari, sun zo sun ja mana kunne. Wani mai aiki ya ba ni shawara na sayi baƙin soson nan mai tudu-tudu, muka manne bango da silin, inda bai isa ba muka cike da kwalin ƙwai. Amma har yau dattijon cewa yake gadonsa na rawa. Yanzu mai aikin ya ce a ƙara wani soson a kan na farko. Ina tsoron a rufe wurin, kuma da shi nake ci da iyali. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya rufa asiri. Na ji damuwarka, amma tun da na karanta saƙon nan hankalina ya fi naka tashi, kuma ba don baladiyya ba. Kada ka ƙara ko taku ɗaya na soson nan. Wanda ke jikin bangon ma a ɓamɓare shi.

Kusan kullum sai an kawo mini wannan magana, har na gaji da maimaita ta. Shanye amsa-kuwwa a cikin ɗaki daban, hana ƙara fita waje daban. Soso aikin farko kawai ya iya, shi ma rabi-rabi. Mai aiki ya gama manna shi, ya tsaya tsakiyar zaure ya tafa hannu, ka ji wurin ya yi ɗif, sai ka ce lallai kuɗi sun yi aiki. Ƙananan sautuka masu kaifi ya shanye, irin su tafi da guɗa. Abin da ke girgiza gadon dattijon kuwa gudum-gudum ɗin manyan sifikun ƙasa ne. Sauti mai bugu 50 a daƙiƙa, tsawon zangonsa ya kusa mita 7. Ka ɗauko soso mai kaurin santimita 5 ka ce zai tare shi? Tarar ruwan kogi da rariya ke nan. Wani abin haushin ma, da zauren ya mutu sai makaɗi ya ji kiɗansa ba ya tashi, ya ƙara murɗa na'ura. Kwalin ƙwai kuwa kama ce kawai ta yaudari mutane, don ya yi kama da abin da suke gani a hoton situdiyo.

Da asarar kuɗi ce kaɗai da na yi shiru. Irin soson nan mai arha ɗan uwan soson katifa ne, asalinsa daga man fetur. In ya kama, wuta gudu take yi a jikinsa, yana narkewa yana ɗigo wa mutane a ka, yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba, har da sayanaid. Mutum yakan faɗi tun harshen wuta bai iso shi ba.

Ranar 20 ga Fabrairu, 2003, a wani gidan kiɗa da ake kira The Station a jihar Rhode Island ta Amurka, an kunna wasan wuta a kan dandamali, soson bango ya kama, cikin 'yan mintuna ginin ya zama toka, mutum 100 suka mutu. Ka san dalilin da ya sa aka manna soson? Maƙwabta ne suka yi ƙorafin ƙara. Labarinka ne sak, Alhaji. A Janairun 2013 aka sake yi a garin Santa Mariya na Barazil, mutum 242, yawancinsu ɗalibai, hayaƙin soson silin ne ya kashe mafi yawansu. A 2015 a Bukares ta Romaniya, sama da 60. Ga na kusa da mu: Satumbar 2023, zauren biki a Hamdaniya ta Iraƙi, ango da amarya na tsakiyar fili aka kunna tartsatsi, kayan adon silin suka kama, sama da mutum 100 suka rasu.

To ka dubi bikinmu. Ana kunna tartsatsi lokacin shigowar amarya, kaskon turaren wuta na zagaye hannu zuwa hannu, ga labule, ga wayoyin fitilu an ja ta ko'ina. Zauren mata cike da goyo da tsofaffi, an kuma kulle ƙofa don kada maza su leƙa. Na taɓa shiga wani zaure a Makka, na ɗaga gefen soso na tarar da haɗin waya a ƙarƙashinsa an naɗe da salatif, wurin har ya yi baƙi don zafi. Ƙofar baya kuwa an sa mata sarƙa da kwaɗo, wai ta nan ƙara ke fita. Mai wurin mutumin kirki ne, wani ne da bai san komai ba ya karɓi kuɗinsa ya ɗana masa tarko. Waɗannan masu yawo da soso da gam a bayan mota suna kiran kansu ƙwararru, wallahi su ji tsoron Allah. In mai sayarwa ya ce maka nasa ba ya cin wuta, ka ce ya kawo takardar gwaji. Nikan yanki ɗan guntu in fita fili in sa masa ashana a gabansu, daga nan musu ke ƙarewa.

Abin da ke tare ƙara uku ne: nauyi, toshe kafa, da raba gini biyu kada su taɓa juna. Fara da mai arha. Ka sa a kunna kiɗa da dare kamar ranar biki, ka zagaya ginin da ƙafarka, kunnenka zai nuna maka inda yake zuba. Yawanci ƙarƙashin ƙofa ne, da taga, da ramin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na bango, wanda shi kam buɗaɗɗiyar hanya ce. Kafar da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na bango ba takan hana shi rage fiye da desibel 20 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne), komai kaurinsa. A toshe ramukan da bulo da siminti, a koma mukayyif mai raba biyu. Ƙofar shiga a yi mata soro: ƙofa biyu masu nauyi da roba a gefe, ɗaya ta rufe kafin a buɗe ɗaya, dukansu suna buɗewa waje, ba kwaɗo.

Ba ka faɗa mini rufin ba. In kwano ne, irin wanda ake kira shinko a nan, to can ne babbar ɓarakar, gyaran bango kaɗai ba zai fisshe ka ba.

Bangon da ke kallon dattijon kuma a yi masa na biyu daga ciki: allon jibs ninki biyu a kan ƙarfen da bai taɓa tsohon bangon ba, a bar tazarar kamar santimita 10, a cika ta da ulun dutse, wanda 'yan kasuwa ke kira suf sakhri. Shi ba ya cin wuta. Haka za a yi wa silin. Kada ka sa ran mu'ujiza daga nauyi kaɗai, ninka nauyin bango desibel 5 zuwa 6 yake ƙarawa, tazarar nan ce ke yin sauran aikin. Manyan sifiku a janye su daga jikin bango, a ɗora su kan roba mai kauri.

Sai wanda masu kiɗa ba sa so: na'urar ƙayyade ƙara, a saita ta a kulle, makulli a aljihunka. Kalangu shi kaɗai bai taɓa girgiza gadon kowa ba, sifika ce ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2022 cewa kada matsakaicin ƙara a wurin kiɗa ya wuce desibel 100 cikin minti 15. In ka rage 10, kunne zai ji kamar an raba ƙarar biyu, kuma ba wanda zai fasa rawa.

Dattijon nan kuwa ba abokin gaba ba ne. Manzon Allah (SAW) ya rantse sau uku cewa wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga cutarwarsa ba bai yi imani ba. Ka je ka gaishe shi, ka roƙi iznin a tsaya a ɗakin barcinsa lokacin da ake saita na'urar, don a can ne za a san ko aiki ya yi. Ka ba shi lambarka, ya kira ka kafin ya kira 940, lambar kai ƙorafi baladiyya.

Kafin bikin daren Juma'a mai zuwa, a sauke soson da kwalin duka, a kankare gam ɗin, mai lantarki ya duba wayoyin da ke ƙarƙashi, sannan ka nemi Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara, su ga tsarin sabon aikin tun ba a fara ba. Ka turo mini hoton rufin da faɗin zauren, in gaya maka inda za a soma.