Tambaya da Amsa: Littafin Yara na Al'ajabi da Jarumansa Baƙar Fata

A fitowar da ta gabata mun gabatar da wani littafin yara na Turanci. Labarin yara uku ne baƙar fata, mata biyu da namiji ɗaya, da suka faɗa wata duniyar al'ajabi suna neman ƙanensu da dodo ya ɗauke. Makaminsu wata fitila ce da ba ta kamawa sai a hannun wanda bai yi ƙarya ba a ranar. Wasiƙu sun zo mana da yawa daga Sakkwato da kewaye. Masu amsawa su ne wata malama mai koyar da karatu a firamare da wani mai zanen littattafai da ya daɗe yana hulɗa da maɗaba'a.

TAMBAYA: Ɗiyata shekararta tara. Ta ɗauki wanga littafi ba ta aje ba sai da ta kai ƙarshe, tana ta cewa jarumar kamarsu ɗaya, har kitson. Amma babansu ya ce a fitar da shi daga gida, littafin sihiri ne. Mi zan yi? (Wata uwa, Mabera)

AMSA: Hajiya, maigida bai yi laifi ba da ya tsaya ya bincika. Haramcin sihiri ba abin jayayya ba ne, fatawa kuma ta malamai ce. Abin da za mu iya shi ne mu nuna muku yadda ake tantance irin waɗannan littattafai, domin ba duka suka taru suka zama ɗaya ba.

Ku karanta shi ku biyu kafin a yanke hukunci. Babban abin dubawa: shin littafin yana koyar da wani aiki da yaro zai iya kwaikwaya? Idan akwai surkulle da aka rubuta kalma bayan kalma, ko yanka domin aljani, ko kiran wani ba Allah ba don biyan buƙata, kuma aka nuna haka ne hanyar nasara, to a jingine shi. Idan kuwa abin da ke ciki tabarma ce mai tashi sama, ko kura mai magana, ko fitilar nan da ke mutuwa a hannun maƙaryaci, wannan gidan tatsuniya ne, gidan da kakanninmu suka raine mu a ciki. Sannan ku lura da wanda ya warware matsalar a ƙarshe. A littafi mai kyau, abin al'ajabin yakan gaza a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, sai yaro ya koma ga hankalinsa da haƙurinsa da taimakon 'yan'uwansa.

Magabata sun san yaro na iya rikita ƙage da gaskiya, shi ya sa suka yi wa tatsuniya ƙofar shiga da ta fita. Ana buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Ku yi wa littafin haka duk sadda aka buɗe shi da sadda aka rufe. Idan bayan wannan maigida bai gamsu ba, kada a yi ɓoyon littafi a ƙarƙashin katifa. Ku kai wa malamin da kuka amince da shi, ku gaya masa ainihin abin da ke ciki.

TAMBAYA: Ni ban ga abin murna ba. An shafa wa yara baƙin fenti ne kawai, amma ƙanƙara ce ke sauka, gidajen na dutse ne irin na Turai, abincin ma ban san shi ba. Ɗalibaina sun so hotunan, labarin bai zauna musu ba. (Malamin firamare, Wamakko)

AMSA: Malam, ka taɓo inda ke ciwo. Ga yaron da ya tashi a Amurka ko Ingila, inda ya daɗe yana buɗe littafi bai ga mai kama da shi ba, launin fata kaɗai babban abu ne, kuma don shi aka rubuta littafin. Yaron Wamakko kuwa kowa a unguwarsu baƙi ne. Abin da bai saba gani a littafi ba shi ne garinsu, da harshensa, da irin wasan da yake yi da dare.

Kuma ba rashin kaya ne ya hana mu ba. Ga kufan Surame da ganuwarta ta dutse, wadda Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16. Ga Alƙalawa, tsohon birnin Gobir. Ga gulbin Rima, ga ayarin raƙuma masu ɗauko gishiri daga Bilma, ga majema da fatar jan akuyar Sakkwato da aka riƙa tsallaka Sahara da ita. Mai neman jaruma mace ya dubi jajin Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), matan da ke sa malfa su jagoranci 'yantaru, wato mata masu neman ilimi, tsakanin ƙauyuka da gidan malamarsu da waƙoƙin ilimi a ka. Tatsuniyoyin ma an taskace su: wani Bature, Frank Edgar, ya buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, kuma kaso mai yawa malaman lardin Sakkwato ne suka rubuta su da ajami. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito tun 1934, saboda haka labarin tafiyar al'ajabi ba baƙo ba ne a rubutun Hausa.

A aji, gwada wannan. Karanta babi ɗaya, ka raba yara rukuni na biyar-biyar, ka ce su mayar da babin garinsu. Ina dodon zai ɓuya, tsohuwar rijiya ko kogon kuka? Me yaran za su yi guzuri da shi? Sharaɗi ɗaya za ka kafa musu: duk abin al'ajabin da suka ƙago ya kasance yana da doka da iyaka. In ba haka ba, a layi na uku wani zai ce "sai ya ɓace", labari ya mutu.

TAMBAYA: Jikana ɗan shekara biyar yana firgita da dare tun da yayyensa suka karanta masa wurin dodo. (Wata kaka, Runjin Sambo)

AMSA: Inna, littafin na 'yan shekara 8 zuwa 12 ne, ya yi masa girma. A daina karanta masa da dare. Amma kada a bar shi a tsakiyar labari: da rana tsaka, a ba shi ƙarshen a taƙaice, ya ji an ci dodo an dawo da ƙanen gida. Yayyen kuma a hana su yin muryar dodo a ɗakin kwana. A yi masa addu'ar barci kamar kullum.

TAMBAYA: Na zana nawa littafin, jaruman yaran Sakkwato ne. A kwamfuta fatarsu ta yi kyau, da aka buga sai fuskokin suka dushe, ido da haƙori kawai ake gani. Laifin wa? (Wani matashi mai zane, Arkilla)

AMSA: Samari, yawanci laifin shiri ne, ba na inji ba. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, tsarin RGB. Maɗaba'a kuwa da tawada huɗu take aiki, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, tsarin CMYK. Ka mayar da zanenka CMYK da kanka tun kafin ka kai, ka gyara abin da ya sauya. In ka bari sai a wurin bugu, na'ura ce za ta zaɓa maka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne duhunta fata da baƙar tawada. Ita ke sa fuska ta yi toka-toka. Launin fatarmu daga ja da rawaya ake gina shi, rawaya ta ɗan fi, a sa shuɗi don ya yi zurfi, baƙi kaɗan a wurin inuwa kawai. Ka kuma lura da jimillar tawada a wuri ɗaya: in an haɗa kason tawada huɗun, kada ta wuce kashi 300 a takarda mai sheƙi, a takarda marar sheƙi kuwa ka tsaya wajen 240 zuwa 260. Takarda marar sheƙi tana shan tawada, ɗigon ya baje, duk abin da ke da duhu ya ƙara duhu. Saboda haka ka haskaka fatar fiye da yadda kake son ganinta a allo, ka bar haske a goshi da karan hanci da kumatu. Kada ka tsayar da yaro baƙi a gaban bango mai duhu. In dare ne a labarin, ka zagaye gefen fuskarsa da hasken wata ko na fitila.

Sauran na lissafi ne. Hoto ya kasance 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, a girman da za a buga shi. Ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Takardar ciki mai sheƙi giram 115 zuwa 150, bango 250 zuwa 300 da leda a kai. Yawan shafuka ya zama ninkin huɗu, 24 ko 32, kuma a wannan kauri ɗinkin waya a tsakiya ya fi gam, domin gam mai arha yana saki a zafin bazarar Sakkwato. Ka duba ƙ da ɗ da ɓ ɗaya bayan ɗaya. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai su fito akwati ko su sauya siffa a tsakiyar kalma. Andika da Noto suna da su, kuma kyauta ne. Kada ka yarda a buga duka sai an ba ka gwajin shafi biyu masu fuska, a kan ainihin takardar da za a yi aikin, ka fita da su waje ka duba a hasken rana.

TAMBAYA: Ɗana yana aji huɗu, yana son labarin amma Turancin na kayar da shi. (Wani uba, Ƙofar Rini)

AMSA: Alhaji, buɗe shafi ɗaya daga tsakiya ya karanta a bayyane, kana ƙirga kalmomin da suka gagare shi. In sun kai biyar, ba zai iya shi kaɗai ba tukuna. Sai ka riƙa ba shi abin da babin ya ƙunsa da Hausa cikin jimla uku ko huɗu, ban da ƙarshensa, sannan ku karanta Turancin tare, kai sakin layi ɗaya shi ɗaya. Minti 15 zuwa 20 sun isa. In ya yi tuntuɓe a kalma, ba shi ɗan lokaci, in bai samu ba ka faɗa masa ku wuce. Kalmomi uku kawai za ku rubuta a bayan littafin aikinsa, gobe ku fara da su.