Me ya sa ake raba ƙarfin ƙarfe gida biyu wajen lissafin shaf?

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a fannin ƙera injuna. An ce ƙarfenmu yana jure megafaskal 250 (ma'aunin ƙarfin da ke kan kowane ɗan fili na ƙarfe) kafin ya miƙe ya ƙi komawa yadda yake, amma da aka zo lissafin shaf, wato sandar da ke juyawa a inji, sai aka ce mu yi aiki da 125. Ina sauran ya tafi?

Amsa: Babu inda ya tafi, ɗana. Wannan 250 ɗin an same shi ne da aka ja ƙarfen ta tsawonsa, shi kuwa shaf murɗa shi ake yi. Ƙarfe mai laushi ba ya tsinkewa farat ɗaya, sassansa ne ke zamewa kan juna, kamar ka tura tarin karta ta gefe. Ko jansa ka yi, zamewar a karkace take faruwa, kan kusurwar digiri 45, kuma ƙarfin da ke tura ta a wurin rabin na jan ne. Daga nan 125 ya fito. Ita ce ƙa'idar Tresca, injiniyan Faransa da ya bayyana ta a 1864 bayan ya daɗe yana matse dalma da wasu ƙarafa yana kallon yadda suke malala.

Gwada da hannunka. Murɗa alli, zai karye a karkace, haka ma ƙarfen zubi yake yi. Ƙusa kuwa sai ta yi ta juyawa kafin ta yanke a miƙe, kamar an sa mata zarto. Saboda haka kada ka kai wannan ƙa'ida kan abu mai gautsi irin alli da ƙarfen zubi.

Akwai kuma ƙa'idar wani masani, von Mises, ta 1913, wadda ke ninkawa da 0.577 maimakon 0.5, ta ba ka kusan 144. Ta fi dacewa da abin da ake gani a gwaji. Tresca ta fi taka-tsantsan, kuma ni ita nake ɗauka duk lokacin da ban san asalin ƙarfen ba, wanda ba sau ɗaya ba ne.

Ɗauki shaf mai kaurin milimita 30, ana murɗa shi da niyutan-mita 300. Mayar da murɗin niyutan-milimita 300,000, ka ninka shi da 16, ka raba da 3.14 da kuma kaurin sau kansa sau uku, za ka samu kusan megafaskal 57. Raba 125 da 57, ta Tresca rararka ninki 2.2 ce; raba 144 da 57, ta von Mises 2.5. Amma fa wannan lissafin nauyi tsayayye ne. Shaf mai juyawa da bel na jansa gefe gajiya ce ke karya shi, wato tsagewar da yawan lanƙwasawa ke jawowa, sau da yawa daga ramin kiy, inda ake sa ɗan ƙarfen da ke kulle fuli da shaf, kuma lissafinta daban ne.