Amsa: Kumrovec gari ne ko ƙauye?

Malam, ka ce ka ga an rubuta cewa a Kumrovec aka haifi Tito, tsohon shugaban ƙasar Yugoslabiya, kana son sanin ko wani babban gari ne. Ƙauye ne, ƙarami ma kuwa. Sai dai sunan ya haɗa abu biyu, shi ya sa ake rikicewa: akwai ƙauyen kansa, akwai kuma ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunansa, a yankin Krapina-Zagorje na arewacin Kuroshiya. Kogin Sutla ne ya raba ta da Sloveniya.

A ƙidayar 2011 duk ƙaramar hukumar mutum 1,588 ne, a ƙauyuka goma, irin su Risvica, Razvor da Kladnik. Shi Kumrovec ɗin bai kai mutum 300 ba.

Tarihinsa kusan duk a kan Tito ya rataya. An haife shi a nan a 1892, a gidan bulo da aka gina a 1860, kuma gidan na nan har yau, da mutum-mutumin Tito na tagulla a gabansa: yana sanye da doguwar rigar soja, hannu a baya, kai a sunkuye. Tsofaffin gidajen kewaye an mayar da su gidan tarihi, Staro Selo, inda za ka ga maƙera da kayan aikin manoman da. A ganina wannan ɓangaren ya fi ɗakin Tito ɗaukar hankali.

Zamanin Yugoslabiya an gina makarantar siyasa ta jam'iyyar kwaminis a wurin. Bayan ɓarkewar yaƙi a Kuroshiya a 1991, 'yan gudun hijira daga garin Vukovar na gabashin ƙasar suka zauna a ciki.