Tambaya da Amsa: Aikin ɗakin tiyata a Amurka, ko in bar Baba ya sayar da gona?

Tambaya: Assalamu alaikum Mama. Ni matashi ne daga Daura, shekarata 26. Ina da takardar ma'aikacin lafiya na al'umma, kuma shekara biyu ke nan ina aikin sa-kai a wani ƙaramin asibiti, ba albashi sai ɗan kuɗin sabulu. Abokina ya turo mini talla a WhatsApp cewa asibitocin Amurka na neman masu aikin da suke kira sajikal teknolojis, kuma su za su ɗauki nauyin biza. Na kira lambar. Mutumin ya ce in kawo naira miliyan 4 na cike takardu, cikin wata uku in tashi, kuma ba sai na taɓa shiga ɗakin tiyata ba, can za a koya mini. Baba ya ce zai sayar da gonarmu ta hanyar Zango. Mama, wane irin aiki ne wannan, kuma hanyar ta gaskiya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, tashi ka je ka durƙusa gaban Baba ka roƙe shi ya dakatar da maganar gonar. In dillali ya riga ya zo, a ba shi haƙuri. Sai ka dawo mu yi magana a tsanake.

Aikin da ka ambata akwai shi, kuma aiki ne mai daraja. Na san shi a hannuna, domin na haura shekara ashirin ina tsaye a gefen likitocin fiɗa a nan Katsina. Bambancin kawai shi ne, a wajenmu nas ɗin tiyata ce ke yin sa, su kuwa Amurkawa sun ware shi ya zama sana'a mai zaman kanta, da makarantarta da jarrabawarta. Mai wannan aiki ba ya yanka, ba ya ba da allurar barci. Nasa shi ne kayan aiki da tsabtarsu da lissafinsu.

Tun kafin a turo majinyaci yake shiga. Zai duba ƙunshin kayan da aka fito da su daga tukunyar turara kaya, wadda ke dafa ƙarafa da tururi mai zafin digiri 121 ko 134. A jikin kowane ƙunshi akwai ɗan tef da layukansa ke yin duhu idan ya sha tururi. Layi bai fito ba, ko ƙunshin ya jiƙe, ko ya ɗan yage, to ya koma, ko da kuwa shi kaɗai ya rage a ɗakin. Daga nan sai bakin famfo: ya wanke hannu tun daga ƙarƙashin farce har ya ɗan wuce gwiwar hannu, minti uku zuwa biyar, yatsu a sama don ruwan ya gangaro ta gwiwa. Ya sa riga da safar hannu ba tare da ya taɓa bayansu ba. Daga wannan lokaci hannunsa ba ya sauka ƙasa da ƙugu, ba ya hawa sama da ƙirji. Hanci zai yi maka ƙaiƙayi a cikin takunkumi, gumi zai shiga idonka, ba halin taɓawa, sai dai nas mai zagayawa, wadda ke kai-komo a ɗakin ba ta sa safa ba, ta goge maka.

Sai ya jera kaya a kan tebur, aska da almakashi da hantsaki da matsen jijiya da zare iri-iri, kowanne a muhallinsa, yadda ko ido a rufe hannunsa zai kai. Shi zai sa wa likita riga da safa, ya taimaka a lulluɓe majinyaci a bar wurin aiki kaɗai. Idan an fara, idonsa na cikin raunin, ba a kan teburinsa ba. Ƙwararre ba ya jira a ce masa miƙo kaza. Yana ganin jini ya tsarto, matsen jijiya ya riga ya sauka a tafin likita. Aska kuwa a ɗan faranti ake ajiye ta likita ya ɗauka, saboda kada a soki juna. Duk abin da aka ciro daga jiki da za a kai ɗakin gwaji, ta hannunsa yake bi.

Amma zuciyar aikin ita ce ƙirga. Kowane ƙyallen tsane jini, kowace allura, kowane ƙarfe, ana ƙirga su da babbar murya mutum biyu, kafin a yanka, da kafin a rufe ciki, da kuma lokacin ɗinkin fata. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da ake tabbatarwa a kowane aiki, kuma wannan ƙirga tana cikinsu.

Wani dare ba zan manta da shi ba. An kawo wata yarinya daga ƙauye, kwana biyu tana naƙuda, aka shiga da ita aikin ciro jariri wajen ƙarfe biyu. Wuta ta ɗauke, aka tayar da janareto. Jini ya yi yawa, na buɗe manyan ƙyallaye ƙunshi biyu, biyar-biyar, goma ke nan. Jariri ya fito ya yi kuka, aka ɗinke mahaifa, likita ya ce a ba shi zaren rufe ciki. Muka ƙirga da nas mai zagayawa: tara. Muka sake: tara. Likitan nan aiki na huɗu yake yi a daren, idanunsa sun yi jawur, ya ce mai yiwuwa ya faɗa bokiti. Na ce, "Ranka ya daɗe, lissafi bai cika ba," na riƙe zaren a hannuna. A lokacin ban fi shekara uku da fara aiki ba, ƙafafuna rawa suke yi. Aka zazzage bokiti a kan leda, aka warware ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya, aka haska ƙarƙashin gado da tocila. Babu. Sai ya mayar da hannunsa cikin cikin, ya zagaya bayan mahaifa, ya zaro shi. Ya dunƙule bai kai girman ƙwan kaza biyu ba, ya sha jini har launinsa ya saje da nama. Da an rufe a kansa, zazzaɓi da mugunya ne za su biyo, sai an sake buɗe ta, in ma an gano da wuri. Shi ya sa ake saƙa wani zare na musamman a jikin ƙyallayen, wanda hoton ƙashi ke nunawa.

Na ba ka labarin nan ne don ka auna maganar mutumin da ya ce ba sai ka taɓa shiga tiyata ba. Wane asibiti ne zai kashe kuɗi ya ɗauko mutum daga Daura ya danƙa masa wannan amana, alhali bai san sunan almakashi ɗaya ba?

Ga yadda abin yake a Amurka. Ana yin karatun shekara ɗaya zuwa biyu a makarantar da ɗaya daga hukumomi biyu, CAAHEP ko ABHES, ta amince da ita, kuma ɗalibi sai ya tsaya a kan aikin tiyata aƙalla guda 120 kafin ya gama. Sannan ya zauna jarrabawar hukumar NBSTSA, tambaya 175 cikin awa huɗu, ya samu shaidar da ake kira CST. A wasu jihohi, irin su Teksas da Niyok, doka ce ma ta tsara wanda zai yi aikin. Takardarka ta nan, duk da albarkar da ke cikinta, ba ta buɗe ƙofar wannan jarrabawa.

Biza kuma ta fi wuya. Bizar ma'aikata ta H-1B an yi ta ne don aikin da sai mai digiri, wannan aiki kuwa ba ya buƙatar digiri, saboda haka ba ya shiga. Ban da haka, a Satumba 2025 gwamnatinsu ta ɗora dala 100,000 a kan sababbin buƙatun wannan biza. Abin da ya rage shi ne EB-3, ta zaman dindindin. A nan sai asibiti ya fara tallata gurbin a can, ya gamsar da ma'aikatar ƙwadago cewa bai samu ɗan ƙasa da ya cancanta ba, kuma wannan mataki kaɗai yana cin fiye da shekara, kafin a zo layin jiran biza da ganawa a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Legas. Dokarsu ta ce asibitin ne zai biya kuɗin wannan mataki, haramun ne ya ɗora wa ma'aikaci. Sana'o'in lafiya biyu kawai aka yafe wa wannan talla saboda ƙarancinsu: nas mai rajista da mai gashin ƙashi. A kan duk wannan, a Disamba 2025 aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, har da ta zaman dindindin. To ina wata uku ta fito?

Ingila ma ba da wannan suna take ɗauka ba. Nasu mai aikin tiyata sai ya yi rajista da hukumar HCPC, nas kuma da NMC, bayan jarrabawar Turanci da ta aiki. Najeriya tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 cewa suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, don haka ƙa'idar Ingila ta hana ejan-ejan zuwa farautar ma'aikata a nan. Kai da kanka ne za ka nema kai tsaye a shafin ɗaukar aiki na NHS, wato hukumar asibitocin gwamnatinsu, kuma ba a biyan ko kwabo don a nema. Ƙofar masu kula da tsofaffi da yaranmu suka yi ta bi, an rufe ta ga masu zuwa daga waje tun 22 ga Yuli 2025.

Ban ce ka cire rai ba. Raina yana ɓaci in ga yaro mai himma kamarka yana aiki shekara biyu a kan kuɗin sabulu, kuma ban ga laifinka ba don ka hango waje. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ɗakin tiyata kake so, hanyarsa daga inda kake ita ce karatun nas. Kwalejojin nas yanzu ta JAMB ake shigarsu, ko ka nemi digiri na shekara biyar a Bayero ko Ahmadu Bello. In ka samu rajistar hukumar nas da ungozoma ta ƙasa, ka nemi a tura ka tiyata, daga baya ka je kwas ɗin ƙwarewa a aikin tiyata, akwai shi a asibitin koyarwa na Zariya da na Ibadan. Wurin koyon hannu kuwa ba mu rasa ba. A nan Katsina ga asibitin koyarwa na tarayya, ga na Turai 'Yar'aduwa inda aikin ciro jarirai ba ya yankewa, ga Babbar Ruga, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana ɗinkin yoyon fitsari har likitoci daga wasu ƙasashe suke zuwa koyo. Amfanin gonar nan na damina biyu ko uku zai iya riƙe ka a makaranta, kuma gonar tana nan.

Shi kuma mai lambar waya, ka tambaye shi sunan asibitin da jihar da yake, sannan ka nemo lambar asibitin da kanka a intanet ka tambaye su ko sun san shi. Kada ka ba shi fasfo, kada ka tura masa hoton takardunka.

Tambaya: Anti, ni nas ce mai rajista a Katsina, shekara uku ina ɗakin mata. Ina son komawa tiyata, kuma maigidana ya amince in nemi aiki a Saudiyya ko Ingila nan gaba. Damuwata hijabi. Yaya mace take yi a can ciki?

Amsa: Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. A tiyata kowa rufe kai yake yi, mace da namiji, gashi ɗaya ba a yarda ya leƙo ba. Abin da ba za ki shiga da shi ba shi ne hijabin da kika zo da shi daga gida, wanda ya sha ƙurar Ƙofar Ƙaura. Ni ƙanana guda huɗu na ɗinka na auduga, masu kama fuska da wuya, ba fil ba leshi, ina tusa bakinsu cikin rigar tiyata, kowanne yini ɗaya ya tafi wanki da ruwan zafi. A Ingila ma an san da wannan. Tun 2019 wani asibiti a garin Darbi ya fara raba hijabin tiyata da ake sawa sau ɗaya a yar.

Inda za ki daure shi ne bakin famfo, domin dole hannu ya fito har saman gwiwa na 'yan mintoci kafin ki sa riga mai dogon hannu. Zobe da awarwaro da dogon farce duk sai kin haƙura da su. Salla kuma, ki riƙa duba jerin ayyukan ranar tun da safe. In kin ga mai tsawo zai haɗiye azahar, ki shirya da abokiyar aiki tun kafin ki wanke hannu.

Tunda kina da niyyar fita, ki sayi littafi mai kauri tun ranar farko. Kowane aiki ki rubuta kwanan wata, da irin aikin, da matsayin da kika tsaya, ba tare da sunan majinyaci ba, shugabar tiyata ta sa hannu duk ƙarshen wata. Hukumar ma'aikatan lafiya ta Saudiyya tana sa kamfanin DataFlow ya tuntuɓi makarantarki da hukumar nas da asibitin da kika ce kin yi aiki, ɗaya bayan ɗaya, kafin ki zauna jarrabawar Prometric. Don haka shekarun da ke kan takardarki su zama su ne na cikin fayil ɗinki a ofishin ma'aikata, kuma ki je ki duba cewa an rubuta ranar da aka mayar da ke tiyata.