Filasta, cingam ko ƙwaya: me mai son barin sigari zai saya?

Tambayoyin wannan karon duk a kan barin sigari suke, kuma mafi yawansu daga mutanen da suka riga suka kashe kuɗi a kan wani magani bai yi musu aiki ba. Mun zaɓi biyar.

Tambaya: Shekara 15 ina shan sigari, kwali guda a rana. Na sayi cingam ɗin nikotin na tauna kwana uku, sai shaƙuwa da ƙwannafi da tashin zuciya, ga ƙishin sigarin yana nan daram. Na koma gidan jiya. Jabu aka sayar mini, ko in canza zuwa filastar nikotin da ake mannawa a fata?

Amsa: Malam, mai yiwuwa kayan ba su da laifi, taunar ce ta ɓata aikin. Nikotin ɗin da ke cikin wannan cingam ta fatar cikin baki yake shiga jini. Wanda ya bi yawu ya gangara ciki, hanta ce ke lalata mafi yawansa, ba abin da zai bar maka sai shaƙuwar nan da ƙwannafi. Ga yadda ake yi. Ka tauna a hankali har ka ji wani yaji-yaji a harshenka, sai ka dakata, ka tura shi tsakanin kunci da dasashi ka bar shi nan. Idan yajin ya lafa, ka sake taunawa kaɗan, ka mayar da shi ɗaya gefen. Haka za ka yi ta yi har kusan minti 30. Kada ka sha kofi, lemon kwalba ko wani abu mai tsami minti 15 kafin ka sa shi, haka ma lokacin da yake bakinka, domin tsami na hana nikotin ratsa fatar baki.

Sai batun ƙarfi. Akwai mai miligiram 2, akwai mai 4. Idan kana kunna karan farko kafin ka cika minti 30 da tashi daga barci, mai 4 ne naka. Kuma ba jira ake yi ƙishi ya turnuƙe mutum sannan ya laluba aljihu ba. Zuƙar sigari kan kai nikotin ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, cingam kuwa sai ya ɗauki mintuna kafin a ji shi, don haka wanda ya jira ya makara. A makonni shida na farko ana sa ɗaya duk bayan awa ɗaya ko biyu, aƙalla tara a rana, ba tare da wuce iyakar da takardar cikin kwalin ta faɗa ba.

Amma ga mai shan kara 20 a rana, shawararmu ita ce ka haɗa biyun. Filasta na tsiyaya nikotin a hankali dare da rana, ta rufe yunwar da ke ƙasa. Cingam, ko alawar tsotso ta nikotin idan kana da haƙoran roba, shi ke tarar ƙishin da ke tasowa kwatsam bayan cin abinci ko ɓacin rai. Haɗa su ya fi amfani da ɗaya kaɗai, wannan abu ne da gwaje-gwaje da dama suka tabbatar.

Filastar awa 24 mataki uku ce: miligiram 21, 14 da 7. Mai shan fiye da kara 10 a rana zai fara da 21 na mako shida, sai 14 na mako biyu, sai 7 na mako biyu. Ka yi lissafi tun kafin ka fara: guda 42 na farko, 14 na biyu, 14 na uku, jimla 70. Mai shan kara 10 ko ƙasa da haka daga 14 zai fara. A nan mutane da yawa suke faɗuwa. Su sayi kwalin mako guda, su ji sun samu sauƙi, su ce ai an gama, kwana biyu da ƙarewar filastar sai ga su da ashana a hannu. Ka tabbata kana da hanyar samun na mako goma cif kafin ka sa ranar dainawa.

Da safe ake manna ta, a busasshiyar fata marar gashi kuma marar mai, kamar damtse, ƙirji ko kwankwaso. Ka danne ta da tafin hannu na daƙiƙa 10, ka bi gefunanta da yatsa, ka wanke hannu. Kullum ka canza wuri, kada ka koma inda ka manna sai bayan mako guda, in ba haka ba wurin zai yi ja yana ƙaiƙayi. Kada ka yanka ta biyu don ta daɗe. Idan tana hana ka barci ko tana sa ka mafarkai masu firgitarwa, ka ɓare ta kafin ka kwanta, amma ka ajiye cingam kusa da kanka don safiya za ta yi zafi. Wadda ka cire ka ninke ta, gefen da ke mannewa a ciki, ka jefar inda yaro ba zai kai ba, domin ragowar da ke jikinta ta isa ta galabaitar da shi.

Kada tsoron nikotin ya sa ka tauye wa kanka magani. Nikotin ne ke ɗaure mutum, amma hayaƙin ne ke kisa: sinadarai sama da 7,000 ne a cikinsa, kusan 70 daga ciki suna jawo ciwon daji. Idan nikotin ya yi maka yawa za ka sani, da tashin zuciya, jiri, gumi mai sanyi da bugun zuciya da sauri, sai ka rage. Wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da mai juna biyu, su fara ganin likita.

Tambaya: Na ji akwai ƙwayoyin da ke kashe sha'awar sigari. Wacce ce ta fi, kuma zan iya saya da kaina?

Amsa: Uku ne sanannu, kuma duk suna cikin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a ƙa'idar da ta fitar a 2024. Mun rubuta sunayensu yadda suke a kwali.

Varenicline ce ta fi ƙarfi a cikin magungunan da ake sha su kaɗai. Tana zama a gurbin da nikotin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, ta rage ƙishin, kuma idan ka zuƙi sigari sai ka ji ta salam. Ana fara ta mako guda kafin ranar dainawa: rabin miligiram sau ɗaya a rana na kwana uku, rabin miligiram sau biyu har kwana na bakwai, daga nan miligiram 1 safe da yamma har a cika mako 12. Kusan mutum uku cikin goma na jin tashin zuciya, kuma shanta bayan cin abinci da cikakken kofin ruwa na rage shi sosai. Mai ciwon ƙoda mai tsanani sai an rage masa adadi. A 2021 an janye samfurin Champix daga kasuwa saboda wani gurɓataccen sinadari da aka gano a cikinsa, don haka yanzu za ka iya ganin maganin da sunan wasu kamfanoni.

Cytisine dangin ta farko ce a wurin aiki, daga tsiro ake samunta, an daɗe ana shanta a gabashin Turai tun shekarun 1960. Zangonta gajere ne, ƙwaya 100 cikin kwana 25, kuma dole a ajiye sigari zuwa kwana na biyar. Wahalarta yawan sha: a kwanakin farko duk bayan awa biyu ne, sau shida a rana. Bupropion kuwa haramun ce ga mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa yin jijjiga, kuma takan hana barci.

Ko an yarda a sayar maka ba takarda, kada ka fara ba likita. Akwai dalilin da ba kowa ya sani ba: hayaƙin sigari na sa hanta saurin narka wasu magunguna, kamar theophylline na asma, da clozapine da olanzapine na taɓin hankali. Da zarar ka daina, adadin da ka saba sha zai iya yi maka yawa a jini. Mai shan warfarin na hana jini daskarewa da mai allurar insulin ta ciwon suga ma su sanar da likitansu. Idan kuma ka ga yanayinka ya canza, baƙin ciki mai nauyi ko tunanin cutar da kai, ka tsayar da ƙwayar ka nemi likita a ranar.

Tambaya: Ba zan iya yankewa lokaci guda ba. In koma sigari mai sauƙi, ko ta ganye marar nikotin, ko shisha, ko sigarin lantarki?

Amsa: Ukun farko asarar kuɗi ce. Sigarin da ake kira mai sauƙi ƙananan huji ne a matatarta; mai sha na toshe su da yatsu da leɓe bai sani ba, ya kuma ƙara zurfin zuƙa har ya cike giɓin. Ta ganye ba nikotin, amma kwalta da iskar guba ta kabon monoksaid suna nan, tunda ƙonawa ake yi. Shisha ta ƙara da hayaƙin gawayi, ruwan kuma ba ya tace gubar. Ragewa kaɗai ma ba mafita ba ce: kara ɗaya a rana na ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan 20.

Sigarin lantarki maganarta daban. Gwaje-gwaje sun nuna mai nikotin a ciki na taimaka wa wasu su bar sigari, hukumomin lafiya na Ingila na ba da shawararta, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da ita ba, Indiya kuwa ta haramta ta a 2019. Ba mu sa ta a gaba, domin da yawa kan ƙare da shan biyun tare, wasu kuma su shekara suna busa ta. Idan filasta da ƙwaya sun gagara ka koma gare ta, to komawar ta zama gaba ɗaya, ba kara ko ɗaya, kuma ka sa ranar ajiye ta. In raguwa kake so, ka yi ta da cingam, da ranar yankewa a rubuce cikin 'yan makonni.

Tambaya: Maigidana yau kwanansa biyar da dainawa. Faɗa kamar me, ba ya barci, sai shan kofi da ciye-ciye. Me zan saya masa?

Amsa: 'Yar'uwa, yana tsakiyar mawuyacin zangon ne. Abin yakan fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko har ƙarshen mako, sannan ya riƙa sassautawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Idan ba ya amfani da komai, filasta da cingam ba su makara ba. Kofin nan kuma a rage shi da rabi. Hantar mai shan sigari na saurin narka sinadarin da ke cikin kofi, da ya daina sai kofi biyu su yi masa aikin kusan huɗu, shi kuwa ya ɗauka rashin sigari ne ke sa shi rawar jiki da rashin barci.

Ƙishin da ke taso masa kamar zai kashe shi 'yan mintuna ne yake yi ya wuce, ko an sha ko ba a sha ba. Abin da ake buƙata shi ne abin da zai cinye mintunan: ya tashi daga inda yake, ya kurɓi ruwan sanyi a hankali, ya ja numfashi mai zurfi sau goma, ya taka da sauri na minti biyar, ko ya goge haƙora da zarar ya gama cin abinci. Ki taya shi kawar da laita, ashana da abin zuba toka, a wanke tufafin da ke warin hayaƙi, a duba aljihuna da cikin mota, don kara ɗaya da aka manta ya isa. Ƙiba ta kilo huɗu zuwa biyar a shekarar farko abu ne da aka saba gani, kada a haɗa masa yaƙi biyu yanzu. Tari da taurin bahaya ma kan zo su wuce. Amma tari da jini, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi na asibiti ne nan take.

Tambaya: Mako uku ina kan filasta, jiya na sha kara biyu a cikin abokai. In cire ta in sake sabon lale?

Amsa: Kada ka cire. Kara biyu a kan filasta ba za su yi maka illar da kake tsoro ba, cire ta ne zai mayar da kai kwali guda. Ka jefar da ragowar sigarin yau, ka ci gaba da ƙirga makonninka.  Zaman abokan nan kuma ka ɗan yi masa nisa tukuna, in ya zama dole ka je, ka sa cingam a baki minti 15 kafin ka isa.