Fanka na juyawa, monita ba hoto: ajiye kwalin tukuna

Ka ce ka saka wa mutumin nan katin hoto (graphics card) a kwamfutarsa, ka kunna, fankoki suna juyawa amma monita ta rubuta No Signal, shi ne kake tambaya ko ka mayar wa dillali kayansa. A'a, ɗana. Kati shi ne na ƙarshe da ake zargi, don in ka mayar aka gwada a gabanka ya kawo hoto, kunyar ta shagon nan ce.

Leƙa bayan akwatin kwamfutar. Ina ka soke wayar HDMI? In tana sama kusa da ramukan USB, a madabod take, wato babban allon da komai ke haɗe da shi, kuma yawancin madabod suna kashe nasu hoton da zarar sun ji an saka kati. Sauko da ita ƙasa, ramukan da ke jikin katin. Sau da yawa a nan zancen yake ƙarewa. In monitar tsohuwa ce mai VGA, ka sani katunan NVIDIA daga GTX 1050 zuwa sama sun daina fitar da irin wannan sigina, don haka ɗan adaftan nan na DVI zuwa VGA mai araha ba zai yi ba, sai konbata mai juya siginar HDMI.

In ba nan ba ne, zare wuta daga soket, taɓa ƙarfen akwatin, ka ciro katin. Mayar da shi dogon ramin PCIe na sama, ka danna har makullin ƙarshen ramin ya ce ƙas. Haska tocila ta gefe: muddin kana hango ruwan zinaren ƙafafunsa, bai zauna ba. Ka daddanna RAM ma, wato memorin kwamfutar, hannu kan bige shi garin kici-kicin saka kati.

Sai wuta, inda yawancinku kuke faɗawa. Ramin kansa wat 75 kawai yake bayarwa. Waya mai fil 6 tana ƙara 75, mai fil 8 tana ƙara 150. Kati irin RTX 3060 yana cin wat 170, kuma NVIDIA ta ce a ba shi fawa saflai, wato abin da ke raba wa kwamfutar wuta, mai wat 550. To karanta takardar da ke manne a jikin naka. Ƙananan kwamfutocin ofis ɗin nan 'yan tokumbo da ake kawo mana, nasu bai cika wuce 240 ba, ko wayar kati ba su da ita. Katin da suke ɗauka shi ne GT 1030, ko GTX 1650 marar ramin wuta. Kada in ga ka ɗauko adaftan SATA zuwa fil 8 ka yi dabara, wayar ce za ta yi zafi ta narke, kai ka biya. Kuma ka bambance wayar furosesa, mai rabuwa huɗu-huɗu, da ta kati, mai shida da biyu. In ta ƙi shiga, ba ƙarfi take so ba, ba ita ba ce. Kwamfutar da ke tashi lafiya sai an fara gem ta ɗauke ɗif, masu ita NEPA suke zagi, amma ni fawa saflai nake fara dubawa.

Fankar kati ta tsaya cak ba alamar mutuwa ba ce, da yawansu sai sun ɗau zafi suke juyawa.

In hoto ya zo amma rubutu ya yi ƙato-ƙato, wannan direba ne, wato manhajar da ke tafiyar da katin. Shiga Safe Mode na Windows, share tsohon da DDU, manhajar goge direba, musamman in katin da ka cire na AMD ne, sannan ka sauke sabo daga shafin kamfanin. In Device Manager na Windows ya ci gaba da nuna kuskuren Code 43 a kan katin bayan haka, to a fara zargin katin.

Kawo shi kan kwamfutar gwajinmu. In can ma shiru, ko kuma zane-zane da ɗige-ɗige sun bayyana tun a allon BIOS, kafin Windows ta tashi, ya tabbata shi ne. Ɗauki hoton monitar da lambar jikin katin a wayarka, kada ka kwance ko noti ɗaya, don dillali ya ga sitikar kan notin ta yage ba zai karɓa ba. Ɗauko rasit mu tafi tare.